Daga Takardar Haraji Zuwa Allon Waya

Akwai lokacin da matafiyi a ƙasar Hausa ba ya tattalin komai kamar takardar haraji. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna ba da labarin yadda mutum zai ninke ta, ya cusa a 'yar jakar fata, ya soke a ƙugu, domin duk garin da ya sauka ana iya tare shi a ce ya nuna. A jikinta akwai sunansa da garinsu da shekarar da ya biya. Wanda bai riƙe ta ba, ko da ya biya, yana iya kwana a hannun 'yan doka. Don karɓar kuɗi aka yi ta, amma ita ce takarda ta farko da talaka ya riƙe wadda hukuma ta rubuta sunansa a kai. Da gwamnatin Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya. Sai dai daga nan mutumin karkara ya koma ba shi da takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunansa.

A ganinsa bai rasa komai ba, domin a wancan zamani mutane ne suke tsaya wa mutum. Idan baƙo ya sauka a gari, gidan mai unguwa ake kai shi, a tambaye shi ɗan wane ne, daga ina, wa ya sani a nan. Falke yana da fatomansa a kowane zango, wanda zai ce na san shi, na san ubansa, a ba shi kaya bashi. Bahaushen da ya je neman kuɗi Ibadan ko Kumasi, Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango ne yake tsaya masa. Wasu kuma fuskarsu ta ishe su, tsagar Bagobiri ko ta Babarbare tana faɗin asalinsa tun bai buɗe baki ba. Ko direba ma haka yake. Kafin a tambayi lasisinsa, ana tambayar a hannun wa ya koyi mota, shekara nawa ya yi yana yaron mota, in kuwa maigidansa mai suna ne a tasha, magana ta ƙare.

Wannan tsari yana da daɗin faɗi, amma kada mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Mai dangi da mai gata yake yi wa aiki. Maraya, da baƙon da bai san kowa ba, da matar da aka sako ta bar garin mijinta, da wanda ya saɓa da dagaci, su ne suka san ɗacinsa. Kuma ba zai iya ɗaukar gari irin Kano ta yau ba, inda mai unguwa bai san rabin masu haya a layinsa ba. Dole takarda ta shigo, ta kuwa shigo. Cikin shekaru 40 da 'yan kai mun tashi daga takarda zuwa kati, daga kati zuwa lamba, yanzu kuma duniya ta kama hanyar tattara komai ta zuba a wayar hannu, har da lasisin tuƙi.

Lasisin ya fi sauran takardu nuna yadda abin ya sauya. Da can kowace jiha da nata, ba kuma wanda ya san abin da ke cikin littafin maƙwabciyarsa, don haka direban da aka ƙwace wa lasisi a nan sai ya tsallaka can ya yanko wani. Gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma cikin manyan ayyukanta akwai mayar da lasisin iri ɗaya a faɗin ƙasa. A 2011 aka fito da sabon kati wanda sai mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da tambarin yatsunsa. Hannu uku ne a cikin aikin: jami'an VIO su gwada tuƙinka, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ta karɓi kuɗi, FRSC ta ɗauki bayananka ta buga kati. Kafin katin ya fito ana ba ka na wucin gadi, wanda a ƙa'ida kwana 60 ne wa'adinsa.

Duk wanda ya saba shiga motar haya ya san sauran labarin. Da an hango shinge, direba zai miƙa hannu sama ya janyo ledar da ya maƙale a bayan abin kare rana. A ciki akwai takardun mota, da na inshora, da rasitin ƙungiya, da wancan lasisi na kwana 60 wanda ya yi watanni yana yawo, ya sha gumi da man juye, gefensa ya fara cinyewa. Jami'i zai karɓa ya juya gaba ya juya baya, ya ɗaga shi sama ya duba a hasken rana, direba yana ta “Yallaɓai, wallahi na je sun ce bai fito ba.” Jami'in ba shi da hanyar sanin ko gaskiya direban yake faɗa, direban ba shi da hanyar tabbatar masa, a wannan rami ne na goro yake shiga. Ga kuma 'yan kamasho da suke karɓar hoto da kuɗi a ƙofar ofis, bayan kwana biyu su kawo maka kati mai sheƙi, sai ranar da ka je sabuntawa a buga lambarsa a kwamfuta a ce ba a san da shi ba. Mutane da yawa a ranar suka fahimci cewa lasisi na gaske yana cikin rumbun hukuma, robar da ke aljihu alamarsa ce kawai. In haka ne, me zai hana alamar ta koma waya, inda za a iya tantance ta nan take?

Labarin katin ɗan ƙasa ya fi wannan tsawo da ciwo. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganarsa. A 2003, zamanin Obasanjo, aka yi gagarumar rajista a ƙarƙashin kwangilar dala miliyan 214 da aka ba kamfanin SAGEM na Faransa, shekarar ba ta ƙare ba aka gurfanar da wasu tsofaffin ministoci bisa zargin cin hanci a kwangilar. Wasu sun karɓi kati, wasu sun karɓi na kurakurai, miliyoyi ba su ga ko ƙurarsa ba. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, a 2012 ta fara ba da lambar NIN mai alƙaluma 11. A watan Agusta na 2014 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da sabon kati mai tambarin MasterCard, aka ce da shi za a cire kuɗi, da shi za a yi tafiya. Mafi yawan waɗanda suka yi rajista 'yar takarda kawai suka samu, suka kai shagon kwamfuta aka lulluɓe musu ita da leda. A wannan shekara ta 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tasa lambar, BVN. Daga ƙarshe NIMC ta fito fili ta ce lambar NIN ce shaida, kati in ya samu to, in bai samu ba ba a fasa komai ba.

Sai ga Disamban 2020. Ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN ko a rufe. Ana tsakiyar annobar korona, ana ce wa mutane su ba da tazara, amma tun asuba ƙofar ofisoshin rajista take cika maƙil, tsofaffi da masu goyo suna rubuta suna a takardar layi. An yi ta ɗage wa'adi har zuwa Afrilun 2022, lokacin da aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Hukumar JAMB ta ce daga 2021 babu NIN babu jarrabawa. Fasfo, lasisin tuƙi, asusun banki, duk suka bi sahu. A 2023 masu lambar suka haura miliyan 100, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. An yi mana alkawarin cewa haɗa layi da lamba zai hana masu garkuwa da mutane kiran waya su nemi kuɗin fansa. Iyalan waɗanda aka sace a Zamfara da Katsina da Kaduna sun san har yau ana kira. Wahalar da talaka ya sha a layi ba a biya shi ita da tsaro ba, kuma wannan bashi ne da yake bin gwamnati.

A cikin wannan hayaniya ne shaidar ta shiga waya. NIMC ta fitar da manhaja wadda take nuna hoton mutum da bayanansa da wani ɗan tambari mai murabba'i da ake haskawa a tantance. Mai ƙaramar waya ma yana iya danna *346# lambarsa ta fito. A 2022 aka kawo wata dabara da ta burge ni: maimakon ka ba kamfani ainihin lambarka, sai ka samar da ta aro mai haruffa da alƙaluma 16, ta wannan kamfani shi kaɗai, wadda take mutuwa bayan awa 72. Tunani ne mai kyau ƙwarai, sai dai mutane ƙalilan ne suka san da shi. Abin da aka saba shi ne a ɗauki hoton takardar NIN a tura ta WhatsApp ga duk wanda ya nema, daga mai neman ma'aikata har wanda ya yi alkawarin tallafi.

Wasu ƙasashe sun yi nisa. Indiya ta buɗe manhajar DigiLocker a 2015, a 2018 kuma ma'aikatar sufurinta ta umarci jihohi su karɓi lasisin da direba ya nuna a cikinta. Jihar Luwiziyana ta Amurka ta fara nata lasisin waya a 2018, kamfanin Apple ya sa lasisin jihar Arizona a wayoyinsa a watan Maris na 2022, Koriya ta Kudu ma ta fara a wannan shekara ta 2022. Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa kowace ƙasa a cikinta ta samar wa mutanenta jakar shaida ta waya kafin ƙarshen 2026.

Yana da kyau a fahimci yadda na gasken yake aiki, domin ya sha bamban da hoton kati. A 2021 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 18013-5 don lasisin waya. Hukumar da ta ba da lasisi tana sa wa bayanan wani hatimi na lissafi wanda ko harafi ɗaya aka taɓa zai lalace. Idan jami'i ya tsayar da kai, na'urarsa za ta haska tambarin da ke allonka, ko ka kusantar da wayarka gare ta. Wayarka za ta nuna maka abin da yake nema, ka amince da yatsa ko da fuska, bayanan su tsallaka na'urarsa, ta duba hatimin ta ce sahihi ne ko jabu. Ana iya yin wannan ba tare da intanet ba. Wayar ba ta barin hannunka. Kuma ba dole ka tona komai ba: wanda yake son sanin ko ka kai shekara 18, amsar e ko a'a kawai zai samu, ba zai ga ranar haihuwarka ko adireshin gidanka ba. Katin roba bai taɓa iya wannan ba, duk wanda ka miƙa wa ya karanta komai.

Ni ina tare da wannan ci gaba, kuma dalilina mafi ƙarfi yana Maiduguri. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya ci unguwanni, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai, takardun makaranta da na fili da katuna suka jiƙe suka narke. Kafin wannan, dubban iyalai sun gudo daga Bama da Gwoza da Baga ba su ɗauki ko tsinke ba. Mutumin da shaidarsa takarda ce, ranar da ta ƙone ko ruwa ya ci ta ya koma ba kowa ba a idon hukuma. Wanda shaidarsa lamba ce da aka ɗaure da yatsunsa, ko a sansanin gudun hijira yake zai iya cewa ga ni, a duba a gan shi. Wannan alheri ne babba, kuma marasa gata ne suka fi cin moriyarsa.

Amma a ce waya ita kaɗai ce shaida, nan ne na ja birki. Waya tana son caji, mu kuwa ƙasar da ake kai waya shagon mai janareto a biya a yi caji muke. Duk yadda aka tsara na'urar jami'i ta yi aiki ba intanet, sauke lasisin da sabunta shi da tantance NIN a banki duk suna son sabis. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta datse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni. Mutane suna hawa mota su tafi wata jiha don su kira ɗan'uwa. Ga ƙwacen waya da ya addabi Kano har ana rasa rayuka. Wanda aka tare da wuƙa a bakin titi ya riga ya yi asarar layinsa da hanyar shiga asusunsa a dare ɗaya, yanzu za a ƙara masa da lasisi da katin ɗan ƙasa. Zai je a dawo masa da layi a ce ya kawo shaida, shaidar kuwa tana cikin wayar da aka ƙwace.

Sannan wa yake da babbar waya? A gidaje da yawa a karkara waya ɗaya ce, a aljihun maigida take, in ya tafi kasuwa ko cin rani ta tafi da shi. Matar gida da 'yan mata da tsohuwa aro suke yi. Tsarin da ya ɗauka cewa kowane mutum yana da tasa wayar, da layinsa, kuma ya iya karanta Turancin da ke allo, ya riga ya zubar da su tun daga ƙofa. Manomi da maƙeri da mai faskare kuma, waɗanda aiki ya cinye zanen yatsunsu, sun san yadda ake goga musu yatsa a riga ana sake dangwalawa na'ura tana ƙi.

Akwai wani ciwon da ya fi damun mu Hausawa, wato sunaye. Mutum ɗaya a takardar firamare Muhammadu ne, a banki Mohammed, a NIN Muhammad. A nan ya sa sunan mahaifinsa a ƙarshe, a can sunan garinsu, a wani wurin magatakarda ya juya na gaba ya koma baya. A'ishatu ta zama Aisha, Abdullahi ya zama Abdul. Dattawa da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai mai rajista ya dubi fuska ya sa 1 ga Janairu na shekarar da ya ga dama. Da can waɗannan ba su hana komai, don wanda yake gabanka ya san kai ne. Yau harafi ɗaya yana riƙe fanshon tsohon malamin makaranta, yana hana yarinya zana jarrabawa, yana tsayar da fasfon maniyyaci. Mai unguwa in ya yi kuskure ana zuwa zaurensa da dattawa biyu a gyara. Rumbun kwamfuta sai takardar rantsuwa daga kotu, da kuɗi masu kauri, da jira. Idan aka ɗora lasisin waya a kan bayanan da ba a gyara ba, kuskuren zai riƙa bin mutum duk shingen da ya tsaya.

Batun sirri ma ba ƙarami ba ne. A 2024 'yan jarida masu bincike da ƙungiyar Paradigm Initiative suka fallasa shafukan intanet da suke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 ko 200. NIMC ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, sun fita, mutum kuma yana iya sauya layi amma ba ya sauya yatsa. Muna da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, da hukumar da za ta kula da ita. Abin da jama'a suke jira su gani shi ne hukunci a fili ga wanda ya sayar da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bakin shinge. Cikin abubuwan da suka fusata matasa har aka yi zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 akwai yadda jami'ai suke karɓe wayar mutum su shiga saƙonninsa da hotunansa da asusunsa. A farkon wancan wata Sufeto Janar na 'yan sanda ya fito ya haramta haka. Idan lasisi ya koma waya ba tare da an ba jami'ai na'urar tantancewa ba, to an ba kowane mai kaki dalilin cewa buɗe wayarka ka miƙo. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Dole doka ta faɗa ƙarara cewa direba nunawa zai yi, wayar tana hannunsa, kuma nuna lasisi ba izinin bincike ba ne.

Ƙasashen da suka riga mu ba su yar da kati ba. Jihohin Amurka da suke ba da lasisin waya suna gaya wa direbobi su ci gaba da riƙe na roba. Dokar Turai ta ce amfani da jakar waya ganin dama ne, kuma ba za a tauye wanda ya ƙi ba. Su da suke da wuta dare da rana ke nan. Mu da muka ga yadda aka ba mutane mako biyu a 2020, muka ga yadda sauyin kuɗi na farkon 2023 ya tura kowa ga tiransifa alhali sabis yana ƙi, mun san halinmu na mayar da sabon abu dole tun bai nuna ba.

Don haka roƙona ga FRSC da NIMC da 'yan majalisarmu shi ne a kawo lasisin waya, a kawo shi bisa ƙa'idar da ba ta raba mutum da wayarsa, amma a rubuta a doka cewa kati da takarda suna nan daram da darajarsu, kuma ba za a hana kowa aiki ko magani ko tafiya don ba shi da babbar waya ba. A sauƙaƙa gyaran suna, a kai shi har hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Kai kuma mai karatu, tun buƙata ba ta taso ba, ɗauko takardar NIN ɗinka da ta banki da lasisinka ka jera su, ka duba ko sunan da ranar haihuwar sun zo ɗaya. Ka duba na mahaifiyarka da na matarka, don su ne ba a cika tunawa da su ba sai ranar da aka ce babu sunansu.